2,147,483,647: Tambayoyi da Amsoshi Kan Lambar da Kwamfuta Ke Cijewa a Kanta

Duk wanda ya ɗan daɗe yana rubuta manhaja ya taɓa cin karo da wannan lamba, galibi ba da son ransa ba. Masana lissafi kuwa sun san ta tun kusan shekara ɗari biyu kafin a ƙera kwamfuta, kuma dalilinsu daban ne. Ɗalibai sukan cakuɗa dalilan biyu. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Yaya ake karanta ta, kuma ina girmanta ya kai?

Biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. Alƙaluma goma ne a jere.

Idan ka zauna kana ƙirga ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, sai ka yi kwana 24,855 da awa 3 da minti 14 da daƙiƙa 7 kafin ka iso kanta. Shekara 68 ke nan da 'yan kwanaki. Yaron da ya fara ƙirgar ranar sunansa zai ƙarasa da furfura da jikoki. Ta fi yawan mutanen Indiya, ta fi na Sin, amma idan aka haɗa ƙasashen biyu sun wuce ta.

Alƙalumanta kamar an watsa su ne kawai. Akwai wani tsari a ciki?

Akwai, ƙirgarmu ta goma-goma ce ta rufe shi.

A ce wani attajiri ya yi maka alkawarin kyauta tsawon wata mai kwana 31. Ranar farko naira 1, rana ta biyu naira 2, ta uku naira 4, kullum ninkin ta jiya. A kwana na goma abin da zai ba ka naira 512 ce, jimillar da ka tara 1,023, kuɗin da ba zai saya maka mudun shinkafa ba. Kana iya fara raina kyautar. A kwana na ashirin za ka karɓi 524,288, jimilla ta zama 1,048,575. Ranar ƙarshe kuwa sai ya ƙirgo maka 1,073,741,824. Tara dukkan abin da ya shiga hannunka a watan: naira 2,147,483,647 cif.

Ka lura da wani abu: kowace rana, jimillar da ke hannunka saura naira ɗaya ta kai kyautar gobe. Da watan ya kai kwana 32, kyautar ranar za ta zama 2,147,483,648, wato biyu an jera ta sau 31 ana ninkawa. Lambarmu ita ce wannan, ba ɗaya. Shi ya sa ake rubuta ta 2³¹ − 1. A ƙirgar kwamfuta, wadda ba ta san komai ba sai sifili da ɗaya, ɗaya ce sau 31 a jere, ba sifili ko guda.

An ce ba ta rabuwa. Me hakan ke nufi?

A aji ana kiran irin waɗannan lambobi firam. Ni na fi son in ce musu gagara-rabo, domin sunan ya faɗi halinsu: lamba ce da ta wuce ɗaya, wadda ba mai raba ta daidai sai ɗaya da ita kanta. Goro 12 ka iya kasa shi wa mutum biyu, ko uku, ko huɗu, ko shida, kowa ya sami daidai. Goro 13 kuwa ko dai mutum ɗaya ya kwashe, ko mutum goma sha uku su ɗauki ɗai-ɗai. In ba haka ba sai an fasa wani da haƙori.

Gwada lambarmu da dabarun firamare. Ta ƙare da 7, don haka 2 da 5 sun fita. Tara alƙalumanta, za ka sami 46, wanda 3 ba ta rabawa, saura 1. Raba ta da 7, saura 1. Da 9, saura 1. Da 11, saura 1. Da 31 ma saura 1. Wannan ragowar da ke ta maimaita kanta ba tsautsayi ba ce. Ƙanwarta da ke bi mata, 2,147,483,646, ita kam mai hannu sake ce, ta rabu gida-gida: 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331. Duk wanda ya raba ƙanwar daidai, in ya zo kan yayar dole ɗaya ta yi saura.

Idan aka jera gagara-rabo tun daga 2, 3, 5, 7, ita ce ta 105,097,565 a layi.

Wa ya fara tabbatar da hakan, kuma da me, tunda babu na'ura?

Leonhard Euler, mutumin Basel ta ƙasar Suwizalan, wanda aka haifa a 1707. Ya bayyana sakamakon a wata wasiƙa da ya aika wa wani masani ɗan gidan Bernoulli a 1772, lokacin yana zaune a Rasha, kuma a wannan lokacin idanunsa sun riga sun tafi kusan gaba ɗaya. Makaho ya tabbatar da lamba mai alƙaluma goma. Amma ba ƙarfin tuwo ya sa ba, rage aikin ya yi har ya zama abin da mutum zai iya.

Mataki na farko kowa zai gane shi. Idan lamba ta rabu gida biyu, ba zai yiwu duka ɓangarorin su zama manya ba. Ɗauki 91: 7 ce sau 13. Da ka sami ƙaramar, babbar ta fito da kanta. To 46,341 sau 46,341 ya ba da 2,147,488,281, ya riga ya wuce lambarmu. Ke nan in tana da mai raba ta, ƙaraminsu bai wuce 46,340 ba. Daga biliyan biyu an dawo dubu arba'in da shida.

Mataki na biyu gadon Pierre de Fermat ne, Bafaranshen lauya da ya gano shi a 1640. Duk gagara-rabon da zai raba 2³¹ − 1, dole ya kasance ninkin 62 da ɗaya a kai, domin 62 ita ce 31 sau biyu. Kana iya ganin dokar tana aiki a ƙaramin misali: 2¹¹ − 1 shi ne 2,047, kuma ya rabu zuwa 23 × 89. Ga 23, wato 22 da ɗaya. Ga 89, wato 22 sau huɗu da ɗaya. Ba mai shigowa ta wata ƙofa.

Mataki na uku na Euler ne da kansa. Ya nuna cewa mai raba irin wannan lamba, in aka raba shi da 8, ragowarsa 1 ce ko 7. Da aka haɗa sharuɗɗan biyu, sai waɗanda ake tuhuma suka koma iri biyu kacal: ninkin 248 da 1 a kai, ko ninkin 248 da 63 a kai. Ƙasa da 46,341 ba su wuce 370 da 'yan kai ba, kuma yawancinsu su kansu suna rabuwa, don haka ba sai an gwada su ba. Jerin ya fara da 63, 249, 311. Ta farko 7 × 9 ce, ta biyu 3 × 83, a watsar da su. Ta uku ce gwajin gaske na farko: 311 ta shiga lambarmu sau 6,905,092, saura 35. Ba ta raba ba. Haka za a bi sauran ɗaya bayan ɗaya har su ƙare, kuma duk sun bar saura.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne rabon aikin. Rabawar kanta ɗan sakandare mai haƙuri zai iya yi cikin 'yan kwanaki. Sanin waɗanda ba sai an gwada ba, nan gizo ke saƙar.

Ta daɗe tana riƙe da kambun gagara-rabo mafi girma da aka sani?

Shekara 95. Kafin ita, mafi girman gagara-rabo irin wannan da aka tabbatar shi ne 524,287, wanda Pietro Cataldi na Italiya ya gwada a 1588. Bayan Euler sai 1867, da Fortuné Landry ya fito da 3,203,431,780,337. A 1876 Édouard Lucas ya yi tsalle mai nisa zuwa 2¹²⁷ − 1, mai alƙaluma 39, kuma har yau ita ce mafi girma da aka tabbatar da hannu.

Me ya sa ake jingina ta ga Mersenne, alhali Euler ne ya yi aikin?

Sunan dangi ne, ba na mutum ɗaya ba. Duk lambar da aka samu ta hanyar ninka biyu sau da yawa a cire ɗaya, lambar Mersenne ce: 3, 7, 15, 31, 63, 127, haka dai. Marin Mersenne malamin coci ne a Faransa, ya rayu daga 1588 zuwa 1648, kuma ya shahara da musayar wasiƙu da masanan zamaninsa. A 1644 ya wallafa jerin adadin ninkin da yake ganin suna ba da gagara-rabo: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Bai kawo hujja ba.

A kan 31 da 127 ya dace. A kan 67 da 257 ya yi kuskure, kuma ya tsallake 61 da 89 da 107 waɗanda ya kamata su shiga. Sai 1903 Frank Nelson Cole ya nuna a wani taron masana lissafi a Amurka cewa 2⁶⁷ − 1 daidai take da 193,707,721 × 761,838,257,287. Jeri mai kuskure biyar, amma sunan mai jerin ne ya zauna wa dangin. Haka duniya take raba suna wani lokaci.

Lambarmu ita ce ta takwas a cikin gagara-rabon wannan dangi: 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071, 524,287, sai ita. Dubi tazarar da ke tsakanin ta bakwai da ta takwas. Adadin ninkin dole ya zama gagara-rabo kafin a yi maganar komai, amma hakan bai isa ba. Tsakanin 19 da 31 akwai 23 da 29, kuma duk sun faɗi: 47 ta raba 2²³ − 1, 233 ta raba 2²⁹ − 1.

Na ji ana ce mata Mersenne mai hawa biyu.

Haka ne, saboda 31 ɗin da ke samanta ita ma 'yar gida ce, 2⁵ − 1. Uwa Mersenne, 'ya Mersenne. Guda huɗu kawai aka sani masu wannan hali: 7, 127, lambarmu, da ta Lucas mai alƙaluma 39.

Wane rukuni kuma take shiga, wane ba ta shiga?

A wasan cika ko mara, mara ce, kamar kowane gagara-rabo ban da 2.

Ba ta da tagwai. Masana suna kiran gagara-rabo biyu tagwaye idan tazararsu 2 ce, kamar 11 da 13, ko 29 da 31. Ƙara wa lambarmu 2, za ka sami 2,147,483,649, wadda 3 ta raba. Rage mata 2, za ta ƙare da 5. A cikin gagara-rabo, maƙwabciyarta ta baya ita ce 2,147,483,629, ta gaba kuma 2,147,483,659.

Ba murabba'i ba ce, wato ba wata lamba da za a ninka da kanta ta ba da ita. Ba ta cikin jerin Fibonacci, wanda kowace lamba a cikinsa jimillar biyun da suka gabace ta ce, ta faɗa tsakanin 1,836,311,903 da 2,971,215,073.

Wanda ya fi daɗin bayani shi ne batun tara murabba'ai. A 1770 Joseph-Louis Lagrange ya tabbatar cewa kowace lamba ana iya rubuta ta a matsayin jimillar murabba'i huɗu ko ƙasa da haka. Wasu biyu sun ishe su: 13 ita ce 9 da 4. Wasu sai uku: 11 ita ce 9 da 1 da 1. Masu taurin kai kuma sai an cika huɗun, kuma duk lambar da ke barin saura 7 idan aka raba ta da 8 tana cikinsu. Gwada 7 da kanka: 4 da 1 da 1 da 1, ba yadda za ka yi da uku. Lambarmu saura ɗaya ta zama ninkin 8, ragowarta 7 ke nan. Ba sai an ɓata alli ba, an san sai huɗu.

Mece ce alaƙarta da kammalallun lambobi?

Kammalalliyar lamba ita ce wadda idan ka tara duk masu raba ta, ban da ita kanta, sai su dawo maka da ita daidai. Masu raba 6 su ne 1, 2, 3, jimilla 6. Masu raba 28 su ne 1, 2, 4, 7, 14, jimilla 28. A wannan ma'auni lambarmu talaka ce tilis, domin mai raba ta 1 ce kaɗai.

Amma tana haihuwar kammalalliya. Tun kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Euclid ya nuna cewa idan kana ninka biyu kana tarawa, kamar kyautar attajirin can, duk ranar da jimillar ta zama gagara-rabo, ninka ta da kyautar wannan ranar, za ka sami kammalalliya. Rana ta biyu: jimilla 3, kyauta 2, ga 6. Rana ta uku: jimilla 7, kyauta 4, ga 28. Rana ta 31: jimilla 2,147,483,647, kyauta 1,073,741,824, sakamako 2,305,843,008,139,952,128. Ita ce kammalalliya ta takwas. Daga baya Euler ya tabbatar cewa duk wata kammalalliya da take cika, ta wannan hanyar kaɗai take fitowa. Ko akwai kammalalliya mara, tambaya ce da ta gagari masana har yau.

A 1811 wani masanin lissafi Baturen Ingila, Peter Barlow, ya rubuta cewa da wuya a sake gano wadda ta fi wannan ta takwas girma, wai tunda ba su da amfani sai ban sha'awa, ba wanda zai wahalar da kansa. Yanzu an san guda 52.

To me ya kawo ta cikin kwamfuta?

Girman akwati. Kwamfuta tana ajiye lamba a jerin gurabe, kowane gurbi ko sifili ko ɗaya. Shekaru da yawa ma'aunin da aka fi amfani da shi gurbi 32 ne. A tsarin da aka saba, gurbi ɗaya yana tafiya wajen nuna ko lambar tana sama da sifili ko tana ƙasa, kamar riba da bashi. Saura 31. Cika su duka da ɗaya, ka sami 2,147,483,647. Iyakar abin da akwatin zai ɗauka ke nan.

Ɓangaren bashi kuwa yana kaiwa har −2,147,483,648. Ɗalibai sukan tambayi dalilin da ya sa ƙasa ta fi sama da ɗaya. Sifili ne ya ci kujera guda a ɓangaren sama.

Ga yadda abin ke taɓa mai rubuta manhaja a Kano ko Kaduna. Idan ya ajiye kuɗi da kwabo a irin wannan akwati, mafi yawan abin da asusu zai iya nunawa naira 21,474,836 da kwabo 47 ne, kuɗin da ɗan kasuwar hatsi zai iya juyawa a mota guda. Idan kuma ya ɗauki lambar waya a matsayin adadi, ya shiga uku tun daga ranar farko: lambobin Najeriya masu farawa da 070 ko 080 ko 090, in aka cire sifilin gaba, biliyan bakwai ne zuwa tara. Lambar NIN da ta BVN alƙaluma goma sha ɗaya ne kowacce. Wasu ma'ajiyan bayanai, maimakon su ƙi karɓa, sai su datse abin da ya wuce su rubuta iyakarsu. Da ka buɗe rajista ka ga mutum ɗari duk lambar wayarsu 2147483647, ka san abin da ya faru. Lambar waya suna ce, ba a tara ta ba a ninka ta, a ajiye ta a matsayin rubutu.

Me ke faruwa idan aka ƙara ɗaya a kai?

Ka taɓa ganin mitar tsohuwar mota ta cika 99,999 ta juya ta koma sifili? Kusan haka ne, sai dai a nan juyawar ta fi muni. Ɗayan da aka ƙara yana bin gurabe 31 yana mayar da su sifili, sannan ya faɗa gurbin alama. A na'urori da yawa lamba mafi girma takan koma mafi ƙanƙanta nan take, −2,147,483,648. Attajiri ya wayi gari da bashin biliyan biyu.

Ya faru a zahiri. A Disambar 2014 YouTube ya sanar cewa ya faɗaɗa ma'aunin ƙirga masu kallo zuwa gurbi 64, saboda bidiyon waƙar Gangnam Style ta Koriya ta Kudu ya kai wannan iyaka. Wannan abin dariya ne. Na 2015 ba na dariya ba ne: hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ta gargaɗi masu jirgin Boeing 787 cewa idan na'urorin da ke kula da janaretocinsa suka yi kwana 248 a kunne ba a kashe ba, wani ma'aunin ƙirga a cikinsu zai cika, wutar jirgin ta iya ɗaukewa. Ɗauki lambarmu a matsayin kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, ka mayar kwanaki: 248 da rabi. Maganin wucin gadi shi ne a riƙa kashe wutar ana kunnawa kafin lokacin ya cika.

Ranar 1 ga Janairun 2022 kuma saƙonnin imel suka maƙale a ma'aikatu masu amfani da Microsoft Exchange. Manhajar tana haɗa shekara da wata da rana ta yi lambar sabuntawa. A 2021 lambar tana farawa da 21, tana shiga akwati. Da sabuwar shekara ta kama sai ta zama 2201010001, biliyan biyu da miliyan ɗari biyu, ta fi ƙarfin gurbin.

Gaskiya ne wani abu zai faru a 2038?

Kwanan watan gaskiya ne. Tsarin Unix, wato wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, da 'ya'yansa da jikokinsa, yana auna lokaci ta hanyar ƙirga daƙiƙu tun daga tsakar daren 1 ga Janairun 1970. Ka tuna shekara 68 ɗin da muka lissafa a sama. Daƙiƙa ta 2,147,483,647 za ta buga ranar Talata 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 3:14:07 agogon GMT, wato 4:14:07 a Najeriya da Nijar, kafin a yi sallar asuba. Daƙiƙa ɗaya bayan nan, na'urar da ke ajiye lokaci a gurbi 32 za ta ɗauka ranar 13 ga Disambar 1901 ce.

Wayoyi da kwamfutocin zamani sun koma gurbi 64, wanda zai ɗauki kimanin shekara biliyan 292. Su ba abin damuwa ba ne. Abin dubawa shi ne ƙananan na'urorin da ake dasawa a manta da su: na cikin injinan masana'anta, mitoci, motoci, kayan sadarwa, da tsofaffin ma'ajiyan bayanai da ba wanda ke son taɓawa. Kuma matsalar ba ta jiran ranar. Manhajar da ke lissafin bashin shekara ashirin, ko ranar ƙarewar wata takarda, tana taka 2038 tun yanzu.

Ke nan don gagara-rabo ce injiniyoyi suka zaɓe ta?

A'a, kuma wannan ce cakuɗar da na ambata da farko. Ba wanda ya zaɓe ta. Injiniyoyi gurbi 32 suka zaɓa, lambar ta biyo baya. Dubi 'yan uwanta a sauran akwatuna. Mai gurbi 16 iyakarsa 32,767, wadda ta rabu 7 × 31 × 151. Mai gurbi 64 iyakarsa 9,223,372,036,854,775,807, ita ma 7 ta raba ta, har sau biyu. Kwamfuta ba ta damu ba ko kaɗan. Dacewa ce kawai aka yi cewa 32 ba ɗaya ta faɗa kan 31, ɗaya daga cikin 'yan tsirarun adadin da ke ba da gagara-rabo.

Babu inda fuskokin biyu suka haɗu?

Akwai wuri guda mai kyau: samar da lambobin ƙuri'a. Kwamfuta ba ta iya jefa kwabo sama, amma wasanni da gwaje-gwajen kimiyya suna buƙatar lambobin da suka yi kama da na kan-mai-uwa-da-wabi. Dabarar da D. H. Lehmer ya kawo ita ce: ɗauki lamba, ninka ta da wata tsayayyiya, raba da wata babba, riƙe ragowar, sake maimaitawa.

Gwada da ƙanana. Ninka da 3, raba da 7, fara da 1: za ka sami 3, 2, 6, 4, 5, sannan 1. Ta zagaya kowa kafin ta dawo gida. Yanzu ninka da 2, raba da 8: 2, 4, 0, shi ke nan ta mutu, sifili har abada. Idan mai rabawar gagara-rabo ce, ba a taɓa faɗawa wannan rami.

Don haka ana son gagara-rabo babba wadda kuma za ta shiga akwatin kwamfuta. Wace ce ta fi dacewa da gurbi 32? A 1988 Stephen Park da Keith Miller suka ba da shawarar a ɗauki 2,147,483,647 a matsayin mai rabawa, 16,807 a matsayin mai ninkawa, ya zama mafi ƙarancin ma'aunin da za a yarda da shi. Fara da 1: 16,807, sai 282,475,249, sai 1,622,650,073, sai 984,943,658. Za ta ziyarci lambobi 2,147,483,646 kafin ta maimaita ko guda. Ga aikin tsaro da sirri ba ta isa ba, domin wanda ya ga lamba ɗaya ya san ta gaba. Amma a nan kam hujjar Euler ta yi wa injiniya rana.

Zan iya tabbatar da ita da kaina?

Za ka iya, kuma ba sai ka bi hanyar Euler ba. Akwai gwajin da Lucas ya faro, Lehmer ya kammala a shekarun 1930, wanda aka ɗinka wa dangin Mersenne kaɗai. Fara da 4. Ninka ta da kanta, cire 2, raba da lambar da kake gwadawa, riƙe saura. Cire biyu daga adadin ninkin, ka maimaita sau abin da ya rage. In ka ƙare da sifili, gagara-rabo ce. In ba haka ba, tana rabuwa.

Gwada da 31, wadda adadin ninkinta 5 ne, ke nan zagaye uku. Daga 4 ka sami 14. Daga 14 ka sami 194, a raba da 31 saura 8. Daga 8 ka sami 62, a raba da 31 saura sifili. An gama.

Lambarmu zagaye 29 take buƙata. Huɗun farko ba su ma kai a raba ba: 14, 194, 37,634, 1,416,317,954. Daga na biyar ne lambobin ke kumbura zuwa alƙaluma goma sha tara, inda kalkuletar aljihu ke fara yanke wutsiya ta ba ka amsar ƙarya. Da layi biyar na Python, yaren rubuta manhaja wanda ba ya datse manyan lambobi, amsar za ta fito kafin ka ɗage yatsa. Abin mamakin gwajin shi ne, idan lamba ta faɗi, yakan ce maka tana rabuwa amma ba ya faɗin wa ya raba ta.

Har yanzu ana lissafa ta cikin manya?

A wajen masu farautar gagara-rabo jaririya ce. Tun 1996 George Woltman ya kafa shirin GIMPS, inda masu sa kai a duniya ke ba da aron kwamfutocinsu ana gwada lambobin Mersenne ɗaya bayan ɗaya. A Oktoban 2024 Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin Nvidia, ya gano ta 52 da aka sani: biyu an ninka sau 136,279,841, a cire ɗaya. Alƙalumanta 41,024,320. Idan kana karanta alƙalami ɗaya a kowace daƙiƙa ba tsayawa, sai ka yi kusan kwana 475 kafin ka kai na ƙarshe. Tamu mai alƙaluma goma, numfashi biyu ya isa.